Wa Ya Kori Kekunan Stevenage?

A arewacin Landan, tafiyar kimanin kilomita 45, akwai wani gari mai suna Stevenage da ya daɗe yana ɗaure wa masu tsara birane kai. Garin yana da abin da masu hawa keke a sauran biranen Ingila suka shekara da shekaru suna roƙon hukuma ta yi musu: hanyar keke tasu ta kansu, shimfiɗe da kwalta, faɗinta ya haura mita uku da rabi, tsawonta kusan kilomita 40 idan aka haɗa rassanta. Mota ba ta taka ta. Masu tafiya a ƙasa ma an ware musu tasu a gefe. Inda ta iso babban titi ba ta tsallaka shi, sai ta nutsa ta gadar ƙasa ta ɓulla a ɗaya gefen. Ƙaramin yaro zai iya tashi daga unguwannin da aka fara ginawa ya isa makaranta bai haɗa hanya da babbar mota ba.

Amma a ƙidayar jama'a ta 2011, masu zuwa aiki a kan keke a Stevenage ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Wannan kuwa shi ne matsakaicin ƙasar baki ɗaya, har da garuruwan da mai keke ke kutsawa tsakanin bas da tirela rai a hannun Allah. An gina hanya, an gama, mahaya sun ƙi zuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ya kore su, kuma duk birnin da ke shirin zuba kuɗi a hanyar keke yana da buƙatar sanin ko mene ne.

Kafin a fara kiran waɗanda ake zargi, ya kamata a san garin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bama-bamai sun rusa gidaje masu yawa a Landan, waɗanda suka rage kuma sun cika maƙil. A 1946 gwamnati ta yi dokar gina sababbin garuruwa, Stevenage ne na farko da aka zaɓa. A lokacin mutanensa wajen 6,000 ne, aka ce za a mai da su 60,000. 'Yan garin ba su so ba, har wasu suka canza allon tashar jirgin ƙasa ya koma "Silkingrad", suna yi wa minista Lewis Silkin shaguɓe cewa mulkin Rasha ya kawo musu. Aikin dai bai tsaya ba. Aka zana unguwanni shida, kowace ta mutum dubu goma da makarantunta da shagunanta, aka tattara masana'antu a yamma, bayan layin dogo, a kan titin Gunnels Wood. Ke nan kowace safiya dubban ma'aikata za su kwarara daga gabas zuwa yamma, tafiyar kilomita uku zuwa biyar. Babu nisan da ya fi wannan dacewa da keke.

Wanda ya zana hanyoyin shi ne injiniya Eric Claxton, wanda ya shiga hukumar gina garin tun farko, ya kuma zama babban injiniyanta daga 1962 zuwa 1972. Shi kansa mahayin keke ne. A lokacin yaƙi ya yi aikin ceto, kuma a 1942 ya kafa ƙungiyar Casualties Union, ta 'yan sa-kai masu kwaikwayon waɗanda suka ji rauni domin a horar da masu ceto da su. Mutumin da ya san yadda ƙarfe ke yi wa jikin ɗan Adam bai ɗauki haɗarin titi da wasa ba. Ingila ta taɓa gwada hanyoyin keke a shekarun 1930, kamar wadda aka buɗe a Western Avenue ta Landan a 1934, amma sukan ƙare ne daidai mahaɗar tituna, wato inda haɗarin yake. Claxton ya kauce wa wannan aibi, ya ɗauki darasi daga Holan. Ɗan jarida Carlton Reid, wanda ya bi tarihin garin a littafinsa Bike Boom na 2017, ya ce an yi hasashen kashi 40 na mazauna za su riƙa hawa keke kullum, masu tuƙa mota kuma kashi 16 kacal. A shekarun 1970 baƙi daga ƙasashen waje sukan zo ganin wannan aiki.

Wanda aka fara kamawa shi ne ruwan sama, domin duk Baturen Ingila da aka tambaya me ya hana shi hawa keke, shi zai fara ambata. Shari'arsa ba ta daɗe ba. Gabashin Ingila ne yankin da ya fi ƙarancin ruwa a ƙasar, Amsterdam ta Holan ta fi shi samun ruwa a shekara. Ga kuma Cambridge, maƙwabciya ce, sararin samaniyarsu ɗaya da Stevenage, amma a wannan ƙidaya ta 2011 wajen kashi 29 na ma'aikatanta keke suke hawa. Aka sallami ruwan sama.

Sai tudu. Cambridge shimfiɗaɗɗiya ce, Stevenage kuwa tana da hawa da gangara. Akwai ma titi mai suna Six Hills Way, wato hanyar tuddai shida, sai dai waɗannan tuddai kaburbura ne na zamanin Rumawa da aka tara wa ƙasa, ba duwatsun da za su sa mutum haki ba. Gaskiya ne gadar ƙasa tana ƙara wa mai keke aiki, a kowace mahaɗa sai ya gangara ya sake hawa, alhali direba yana tafiya kusan a miƙe. Amma Bristol ta fi Stevenage tuddai nesa ba kusa ba, kuma masu zuwa aiki a kan keke a can sun haura kashi 7 a ƙidayar 2011. Tudu yana da ɗan laifi, bai kai na kisa ba.

Na uku, wato halin da hanyar kanta ke ciki, shi ne wanda ya fi kama da mai laifi, kuma ya cancanci a daɗe a kansa, domin duk abin da ake faɗa a kansa gaskiya ne. Gadar ƙasa da dare wuri ne da mutum ba ya son shiga shi kaɗai. Fitila ta mutu ba a canza ba, kwalabe sun farfashe ba a share ba, bishiyoyin gefe sun yi duhu sun rufe kwana, ba ka ganin wanda ke tsaye a ɗaya bakin. Mace mai dawowa daga aikin dare ba ta lissafin mota kaɗai idan ana maganar tsaro, tana lissafin wanda zai iya tare ta inda babu mai jin ihunta. Hanyar da aka raba da titi an raba ta ne har da idanun mutane. Ga kuma ɓata. Mai mota yana da alluna manya masu gaya masa ina ya nufa, mai keke kuwa yana can ƙasa da titi, ba ya ganin gine-ginen da zai gane wuri da su, ya shiga rami ya fito a tsakiyar shataletale ya tarar da hanyoyi huɗu masu kama da juna. Baƙo yakan yi ta zagaye. Sannan tsakiyar garin, wadda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 1959 a matsayin kasuwar farko a sababbin garuruwan Birtaniya da aka hana mota shiga, ta masu tafiya a ƙasa ce, mai keke sai ya sauka ya tura. Unguwanni da manyan kantunan da aka gina daga baya kuma ba duka aka haɗa su da hanyar a kan ingancin farko ba.

Da a nan aka tsaya, da an rufe fayil, a ce a gyara fitilu a kafa alluna, mahaya za su dawo. Abin da ya hana shi ne kwanan wata. Alkaluman da Reid ya tattaro sun nuna masu hawa keke sun kasance kashi 13 a 1964, suka sauko kashi 7 a 1972. A waɗannan shekaru hanyar sabuwa ce fil, kwaltarta ba ta tsage ba, bishiyoyin ba su girma ba, mai zanen kansa yana ofis yana kula da ita. Mahayan sun riga sun watse tun kafin lalacewar ta zo. Hasali ma ana iya juya maganar: hanyar da babu kowa a kanta ita ce ke ba da tsoro da dare, ita ce kuma hukuma ke mantawa da ita ranar rabon kuɗin gyara. Duhun gadar ƙasa ya zo ne bayan an yi ɓarnar, ya samu wuri ya zauna.

Claxton kansa yana da nasa wanda yake zargi. A ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a 1993, ya ɗora laifin a kan mutanen garin, masu ɗaukar mota domin tafiyar da ƙafa ma za ta iya. Wasu suka faɗaɗa zancen suka ce al'ada ce, mutanen Holan da keke aka haife su, na Ingila kuwa da mota. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A ƙarshen shekarun 1940 ƙofofin masana'antun Ingila kekuna ne ke cika su idan an tashi aiki. Motocin ƙasar sun tashi daga wajen miliyan 2 a 1950 zuwa wajen miliyan 10 a 1970, amma irin wannan guguwa ta kaɗa a Holan ma, hawa keke ya faɗi warwas a can a shekarun 1960, har a 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunansu, cikinsu yara fiye da 400, abin da ya haifar da zanga-zangar iyaye mai taken Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara. Yau ma mutanen Holan ba su gaza na Ingila mallakar mota ba. Bambancin shi ne motar takan kwana ta wuni a ƙofar gida idan tafiyar ta cikin gari ce. Tambayar ke nan ta canza. Me ke sa mai mota ya bar ta ya ɗauki keke?

A nan ne aka samu gawa ta biyu, kamar yadda masu bincike ke fata idan shari'a ta cije. Milton Keynes sabon gari ne shi ma a Ingila, an ayyana shi a 1967, yana da hanyoyin keke da na ƙafa masu jar kwalta, tsawonsu ɗaruruwan kilomita, su ma suna bi ta ƙarƙashin manyan tituna. A ƙidayar 2011, masu zuwa aiki a kan keke a can su ma wajen kashi 3 ne. Gari biyu, injiniyoyi daban, zamani daban, sakamako ɗaya. Duk abin da ya kashe na farko yana nan a na biyu.

Sai a kawo wanda ya rayu a kwatanta. Houten ƙaramin gari ne kusa da Utrecht a Holan, mai mutum wajen 50,000. Shi ma ƙauye ne da aka faɗaɗa da gangan daga ƙarshen shekarun 1970, bisa zanen Rob Derks. Shi ma yana da hanyoyin keke da aka ware, yana da gadojin ƙasa inda suka haɗu da babban titi, ruwan sama yana dukansa. Ƙungiyar masu keke ta ƙasar, Fietsersbond, ta zaɓe shi garin keke na Holan har sau biyu, a 2008 da 2018. Idan ka ɗauki taswirar hanyoyin keke na Houten ka ajiye kusa da ta Stevenage, za ka ga 'yan uwan juna ne. An daɗe ana kallon waɗannan taswirori biyu ana neman bambanci a faɗin hanya da santsin kwalta.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Bambancin yana cikin ɗaya taswirar, ta motoci, wadda ba a cika dubawa ba idan ana maganar keke.

A Houten titin zobe ne ya kewaye garin. Kowace unguwa tana da ƙofar mota daga wannan zobe, amma babu titin mota da ya haɗa unguwa da unguwa ta ciki. Mai son kai ɗansa gidan aboki a unguwar da ke maƙwabtaka, idan da mota ne sai ya fita zobe, ya zagaya, ya sake shigowa. Idan da keke ne, miƙewa kawai zai yi ta cikin lambun da ya ratsa tsakiyar garin, inda aka jera makarantu, tashar jirgi kuma tana tsakiya da wurin ajiye kekuna a ƙarƙashinta. Garin yana aiki kamar rariya, gari ya wuce, tsakuwa ta tsaya. Ba a hana kowa mota ba, kowane gida mota na iya isa gare shi. An dai tsara ne yadda a tafiyar cikin gari keke zai riga ta isa.

A Stevenage kuwa, hannun da ya zana hanyar keke shi ya zana titin mota, kuma da irin ƙwarewar. Claxton ba ya son danja, yana ganin tsayawa ɓata lokaci ne, don haka ya cika garin da shataletale da tagwayen tituna masu faɗi. Da ya kwashe masu keke da masu ƙafa ya kai su ƙasa, sai ya zama ya share wa direba hanya tas: babu mai tsallakawa, babu mai keke a gabansa, babu gosulo. Wurin fakin kuma ga shi nan a wadace a bakin masana'anta da bakin kasuwa. Yi lissafin da kanka. Kilomita huɗu a kan keke, a tafiyar mutum mai zuwa aiki da ba ya son ya isa da gumi, wajen minti goma sha shida ne. A mota, a titin da babu tsayawa, minti biyar ko shida. Ma'aikacin da ya ɗauki mukullin mota a wannan hali ba rago ba ne, ya iya lissafi ne. Cambridge ma yanzu ta fahimtu: tsohon gari ne mai ƙananan tituna, fakin yana da wuya da tsada, an toshe wa motoci ratsa tsakiyarsa, jami'ar kuma ba ta barin ɗalibanta su ajiye mota sai da izini.

Wanda ya kori kekunan Stevenage, ashe, shi ne kyakkyawan titin da ke kwance a gefen hanyar keken, kyautar mutum ɗaya.

Akwai mai ƙalubale da ya kamata a saurara kafin a yanke hukunci, domin wasu sun ɗauki labarin Stevenage suna cewa gina hanyar keke asarar kuɗi ce. Birnin Sevilla na Sifaniya ya ƙaryata su. Tsakanin 2006 da 2007 an gina wajen kilomita 80 na hanyar keke mai shinge, koriya, a haɗe da juna, daga baya aka kai ta 120. Tafiye-tafiyen keke a rana suka tashi daga wajen 13,000 zuwa wajen 70,000 cikin shekara biyar, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40, haɗarin kowace tafiya kuma ya ragu. To me ya sa a can aka gina suka zo? Sevilla tsohon birni ne mai cunkoso, tuƙi a cikinsa dama wahala ne, mutane da yawa suna son mafita, tsoron mota ne kawai ya hana su. Kuma filin da aka yi hanyar da shi, yawancinsa daga wuraren fakin da gefen titin mota aka yanko. Aiki ɗaya ya ba keke tsaro ya kuma rage wa mota sarari. A Stevenage an ba keke tsaro, aka ƙara wa mota gudu.

Wannan ya nuna yadda gyaran hanyar keke ya kasu. Akwai gyaran da kuɗi kawai yake ci, kuma wajibi ne: fitila mai haske, share kwalabe, sassabe bishiyoyin kwana, allon da ke faɗin sunan unguwa da nisanta, gadar ƙasa miƙaƙƙiya wadda tun kafin ka shiga kana hango mafita, kamar yadda injiniyoyin Holan ke yi, da wurin ɗaure keke a tasha inda ɓarawo ba zai yi gaba da shi ba. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne 'yan mitocin ƙarshe, domin hanyar da ta kawo ka lafiya kilomita huɗu ta sake ka a tsakiyar filin fakin babban kanti ba ta gama aikinta ba. Waɗanda suke kan hanyar yau, 'yan makaranta da ma'aikatan da ba su da mota, suna da haƙƙin a yi musu wannan ko da mahayi ɗaya bai ƙaru ba. A ganina ma da shi ya kamata a fara. Sai dai kada a yi tsammanin shi kaɗai zai cika hanyar. Jagorar zanen hanyoyin keke da ma'aikatar sufuri ta Ingila ta fitar a 2020 ta amince da hakan a fakaice, inda ta nemi hanyar keke ta kasance aƙalla miƙaƙƙiya kamar ta mota, in da hali ma ta fi ta.

Ɗaya gyaran arha ne a kuɗi, tsadarsa a ƙuri'a take. 'Yan turakun ƙarfe ne a tsakiyar layin unguwa, da allon hana shiga, da kuɗin fakin. Birnin Groningen na Holan ya yi shi a 1977, lokacin da wani matashin ɗan majalisar birni, Max van den Berg, ya raba tsakiyar garin gida huɗu, mota ba ta ƙetarawa daga wani zuwa wani sai ta fita zobe. 'Yan kasuwa suka yi ca, suka ce an kashe musu ciniki. Kasuwar tana nan, garin kuma yana cikin waɗanda suka fi hawa keke a duniya.

Birnin Ghent na Beljiyam ya maimaita dabarar a watan Afrilu na 2017, ya raba kewayen tsakiyarsa gida shida. Kuɗin aikin 'yan miliyoyin Yuro ne, abin da ba zai gina ko gadar sama ɗaya ta kirki ba. Filip Watteeuw, jami'in da ya jagoranci shirin, sai da aka yi masa barazanar kisa kafin ranar farawa. Birnin ya sa wa kansa burin kai hawa keke kashi 35 na tafiye-tafiye kafin 2030, ya cim ma adadin tun kafin a shiga 2020. A zaɓen Oktoba na 2018 Watteeuw ya koma kujerarsa.